Jiragen Yaƙi na Tutiya a Cikin Kabad

Cikin masu tara ƙananan jiragen yaƙi na zubi akwai waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga jiragen kai hari ƙasa: Stuka na Jamus, Il-2 na Tarayyar Sobiyet, Su-25 da ya biyo bayansa, da A-10 na Amurka. Babu ɗaya cikinsu mai kyan dirin Spitfire. An ƙera su ne don su yi ƙasa-ƙasa da kaya mai nauyi, su sha ruwan harsashi su koma gida, kuma wannan kaushin nasu ne yake jan masu tarawa.

Ana narka ƙarfen da ake kira zamak, wanda mafi yawansa tutiya ne da ɗan alminiyam da tagulla, a ɗura shi cikin mazubi da matsi mai ƙarfi. Kamfanin Meccano na Libaful ya fara fitar da kayan wasan Dinky a 1934, har da jirage. Da yawa daga cikin na farkon nan sun kumbura sun tsattsage saboda dalma da ta gurɓata haɗin, shi ya sa lafiyayyensu ke tsada yau. A 1998 kamfanin Corgi ya fito da jerin Aviation Archive, daga baya Hobby Master na Hongkong ya shigo, abin ya bar hannun yara ya koma na manya masu kuɗin saye. Ana yin adadi ƙayyadadde, a haɗa da kati mai lamba, kwalin ma sai an adana shi don kada daraja ta faɗi.

Abin da na fi yabawa shi ne ma'auni. Mafi yawa ana yin su a kan 1:72, wato inci guda a madadin ƙafa shida. A-10 mai faɗin fiffike mita 17 da rabi sai ya dawo santimita 24, kusan taƙi guda. Ka jera shi kusa da Il-2, wanda aka ƙera fiye da 36,000 a yaƙin duniya na biyu, nan take za ka ga tunani ɗaya ne shekara talatin ta raba: a kewaye matuƙi da sulke tukuna, sauran jiki ya biyo baya. Za ka ga dalilin ɗora injinan A-10 can sama a baya, ka ga tayar gaba ta goce gefe don ba wa igwar milimita 30 mai baki bakwai wuri a tsakiya. Hoto ba ya koyar da wannan kamar abin da ka juya a tafin hannu. Zubin na da aibunsa: layukan jiki kan yi zurfi fiye da kima, gefen fiffike ya yi kauri, abin da mai haɗa na roba da hannunsa kan guje wa.

Masu tarawa ba sa wasa da daidaito. Sukan yi gardama a kan launin fenti, lambar wutsiya, yawan haƙoran kifin da aka zana a hancin A-10. Sai dai duk wannan ƙwaƙƙwafi a jikin jirgin yake tsayawa. Jirgin da aka yi domin ƙasa, ƙasar ce kaɗai ba ta shiga kwali. Stuka na zuwa da bama-bamansa da jiniyarsa, amma ba kasafai ake ambaton garin Wieluń na Folan da jiragen Stuka suka ragargaza da asubahin 1 ga Satumba 1939 ba. Jirgin Hans-Ulrich Rudel, matuƙin Stuka, na cikin waɗanda aka fi nema, ana jinjina tankokin yaƙi 519 da aka ce ya lalata, ana tsallake cewa har ya mutu a 1982 bai bar aƙidar Nazi ba. Wasu kamfanoni kan cire tambarin Nazi daga wutsiya saboda dokar Jamus, alamar cewa suna zaɓen abin da za su nuna.

Mu a nan mun san irin waɗannan jirage daga ƙasa. Alpha Jet da kuma Super Tucano, wanda Nijeriya ta karɓi guda 12 nasa a 2021, kan mutane suke bi, kuma ba a manta da Rann ba, inda jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017. Wannan bai sa na ga laifin mai tarawa ba. Da yawansu sun fi kowa karanta tarihin yaƙi. Kamfanonin nake tuhuma. Katin da ya ɗauki sunan matuƙi da rundunarsa da shekara yana da filin ɗaukar sunan garin da aka kai wa harin.