Jinjina Ga Masu Zagayen Safe

Ƙarfe takwas na safe likita ya shigo zagaye, fayil a hannu. Amma wadda ta kwana da marasa lafiya ita ce nas. Ita ta san dattijon gado na uku ya yi zazzaɓi da asuba, ya ture kokonsa, fitsarinsa ya ragu. Likitan kirki sai ya tsaya ya ce, "Sista, yaya Baba ya kwana?" Ya saurara tukuna, sannan ya ɗauki biro. Daga amsarta ake canza magani, a sa ƙarin ruwa, ko a ɗage sallama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tambaya da mai amsawa, Allah ya saka muku da alheri.