Tsarin Kasta na Indiya da Gadon Sana'a a Ƙasar Hausa: Tarke a Kan Wani Kwatance

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a garuruwan Zamfara irin su 'Yankuzo da Tsafe da Bunguɗu ya san cewa akwai sana'o'in da ake dangantawa da gidaje: gidan Sarkin Fawa, da gidan Sarkin Maƙera, da na wanzamai da makaɗa. Ya kuma san cewa a wasu gidajen, idan ɗan runji, wato mahauci, ya zo neman aure, magana kan tsaya a kan asali. Wannan ne ya sa wasu ɗalibai da manazarta suke aro kalmar kasta daga nazarin al'ummar Indiya su laƙaba wa Hausawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna kwatancen, ta kuma duba ayyukan masana biyu da aka fi kafa hujja da su, wato M. G. Smith da Polly Hill.

2.0 Asalin Addinin Hindu da Tsarin Kasta

Addinin Hindu ba shi da mutum guda da za a ce shi ya kafa shi. Kalmar Hindu ma Farisawa ne suka samo ta daga Sindhu, sunan kogin Indus. A kwarin wannan kogi aka yi biranen Harappa da Mohenjo-daro, tsakanin wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin Miladiyya. Bayan shuɗewarsu ne aka tsara waƙoƙin Rigveda cikin harshen Sanskrit, wajen 1500 zuwa 1200 kafin Miladiyya. A kashi na goma na Rigveda, wanda masana ke ganin yana cikin na baya-baya, akwai waƙar da ta ce an halicci rukunoni huɗu na mutane daga jikin wani halitta na farko: Brahmin masu jagorancin ibada daga bakinsa, mayaƙa da sarakuna daga damatsansa, Vaishya manoma da 'yan kasuwa daga cinyoyinsa, sai Shudra masu hidima daga ƙafafunsa. Waɗannan rukunoni ake kira varna.

Amma a rayuwar yau da kullum abin da ya fi tasiri shi ne jati, wato dubban ƙungiyoyin haihuwa waɗanda kowacce take aure a cikinta. Littafin dokoki na Manu, wanda aka tsara wajen farkon ƙarnonin Miladiyya, ya shimfiɗa ƙa'idojin aure da abinci da tsarki tsakanin rukunonin. Aƙidar karma kuma ta bayyana matsayin mutum a matsayin sakamakon ayyukansa a rayuwar da ta gabata. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2013 ya nuna cewa al'ummomin Indiya sun daɗe suna cuɗanya ta aure, sannan cuɗanyar ta tsaya wajen shekara 1,900 da suka wuce. Ita kuwa kalmar kasta daga harshen Fotugis ta fito. Masana irin su Nicholas Dirks, a littafinsa na 2001, sun nuna yadda ƙidayar jama'a ta Turawan Ingila ta ƙara ƙanƙame tsarin. Kundin tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar taɓa waɗanda ake kira Dalit a yau, kuma a 1956 jagoransu B. R. Ambedkar ya fita daga addinin Hindu ya koma na Buddha.

Saboda haka tsarin yana tsaye ne a kan ginshiƙai uku: gadon matsayi, da aure na cikin gida tilas, da hukuncin tsarki da najasa wanda addini ya ɗaure wa gindi.

3.0 Ra'ayin Smith

Smith ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950. A maƙalarsa ta 1959 cikin mujallar Africa ya jera sana'o'in Hausawa hawa-hawa: masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai galibin manoma da masu sana'ar hannu, sannan makaɗa da mahauta da 'yan dako a ƙasa. Ya kuma fito da bambancin karda, wanda ya gaji sana'a, da shigege, wanda ya shige ta da rana tsaka.

A nan ne masu kafa hujja da Smith suke tuntuɓe. Kasancewar kalmar shigege a harshen Hausa shaida ce cewa ƙofar sana'a a buɗe take. Bahaushe kan ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, amma wannan fifiko ne na ƙwarewa, bai hana ɗan na koya zama ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, bai gaje shi ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma ya shiga ya yi fice. A tsarin jati mutum na iya sauya sana'a, sai dai ba ya sauya jatinsa. Raunin aikin Smith shi ne ya hango al'umma daga ƙofar fada, don haka tsaninsa ya fi dacewa da birni mai sarauta fiye da ƙauye.

4.0 Ra'ayin Hill

Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, inda ta nuna cewa a ƙauye kusan kowa manomi ne, kuma abin da ke raba mutane shi ne yawan gona da hatsin rumbu. A 1982 ta buga wani littafi da ya kwatanta manoman ƙasar Hausa da na wasu ƙauyuka kusa da Bangalore a jihar Karnataka. Darajar wannan aiki ita ce ya aza al'ummomin biyu a mizani guda: talauci yana nan a duka biyun, amma a Karnataka ya fi danne waɗanda haihuwa ta ajiye a ƙasa.

Sai dai mizanin gona da rumbu ba ya auna komai. Mahauci na iya fin maƙwabtansa dukiya, a kuma hana shi aure. Wannan ƙyama ba ta bayyana a lissafin damman gero. Ranar neman aure take fitowa, da ranar rabon sarauta.

5.0 Auna Kwatancen

Idan aka ɗora ginshiƙan nan uku a kan ƙasar Hausa, na farko yana nan amma da sassauci. Na biyu son rai ne na iyaye, ba doka ba ce. Na uku kuwa babu shi sam. Naman da mahauci ya yanka shi sarki yake ci. Wanzami yana riƙe kan basarake, yana yi wa jariri askin suna. Ranar Juma'a kafaɗar maƙeri tana gogar ta alƙali a sahu guda. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, shahararren ra'ayi ya rataya dacewar miji a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, bai rataya ta a kan sana'a ba. Wanda ke neman abin da ya fi kama da kasta a Afirka ta Yamma sai ya duba nyamakala na Mandinka da inadan, maƙeran Buzaye, kamar yadda Tal Tamari ta nuna a 1991.

6.0 Kammalawa

Kiran tsarin Hausawa kasta kuskure ne, domin yana jingina wa addini abin da addini bai zo da shi ba, yana kuma nuna al'ada mai sauyawa kamar dutse ce. Amma musanta ƙyamar gaba ɗaya shi ma kuskure ne, domin 'ya'yan rundawa da na maroƙa sun san zafinta. Harshen Hausa yana da kalmominsa: asali, gado, karda, shigege, haye. Aikin da ke gaban masu nazari shi ne su bi waɗannan kalmomi gari-gari, daga Gusau zuwa Tsafe, su tantance inda kowacce take buɗe ƙofa da inda take rufe ta.