Filin Tenis Ɗinmu Ya Koma Wurin Shanyar Masara

Da kakar bana na leƙa tsohuwar makarantarmu ta sakandare a nan yankin Funtuwa, na tarar an baza masara a kan filin tenis daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙarafan nan biyu da ake ɗaura raga suna nan tsaye, an ɗaure akuya a jikin ɗaya. Ban ga laifin mai masara ba. Manomin da ya sha wahalar taki da noma da fargabar 'yan bindiga, idan ya samu daɓen siminti mai tsafta dole ya yi shanya. Abin da ya sosa mini rai shi ne yaran da na tambaya ko sun san me ake yi a wurin a da. Ɗaya ya ce masallacin idi ne aka fara ginawa aka bari.

A wannan fili na koyi riƙe raket. Mu ne 'yan tsinto ƙwallo, muna bin ta cikin ciyawa idan malamai da ma'aikatan kamfanin auduga sun zo wasa bayan la'asar. In sun gaji, akwai wani dattijo, akawu ne, da yakan miƙo mana tsohon raket ɗinsa ya ce, "Ku zo, yarana, kafin a kira magariba." Minti ashirin ne ko ƙasa da haka, amma da su muke kwana a rai.

Yau tenis a Arewa ya zama wasan manya masu neman rage tumbi. Suna yi a kulob ɗin manyan birane, a bayan katanga, yaro kuwa iyakarsa tsinto ƙwallo a ba shi na cefane. A ƙananan garuruwa irin namu ma wannan babu. Duk yaron da ke da ƙarfi a jiki ƙwallon ƙafa ya sa a gaba, da dare kuma yana gidan kallo. Ni ma mai son ƙwallon ƙafa ne. Sai dai gari mai dubban yara a ce hanya ɗaya tak aka bar musu, wannan asara ce da ba mu ma san muna tafkawa ba.

Duk sanda na yi wannan magana sai a ce mini tenis wasan birni ne, wasan 'ya'yan masu kuɗi. Amsata ita ce Tandil.

Tandil gari ne na manoma da makiyaya a ƙasar Ajantina, tafiyar kusan kilomita 350 daga Buenos Aires. Suna noman alkama da waken suya da dankalin turawa, suna kiwon shanu, an san su da cuku. Mutanensa ba su kai 200,000 ba, alhali ƙaramar hukumar Funtuwa ta wuce haka tun ƙidayar 2006. A wannan gari aka haifi Juan Martín del Potro a 1988, mahaifinsa likitan dabbobi, mahaifiyarsa malamar makaranta. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, kamar kowane yaro a ƙasarsu. A kulob ɗin garin mai suna Independiente wani mai horarwa, Marcelo Gómez, ya ɗora shi a kan tenis yana ɗan ƙaramin yaro, ya riƙe shi shekara da shekaru. Daga wannan kulob ɗin Mariano Zabaleta da Juan Mónaco da Máximo González suka fito, dukansu sun yi suna a duniya.

A 2009, yana ɗan shekara 20, del Potro ya ci babbar gasar Amurka a New York. Ya lallasa Rafael Nadal a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ya kayar da Roger Federer a turmi na biyar, Federer ɗin da ya ɗauki kofin sau biyar a jere kafin wannan shekara. Abin da ya biyo baya ne ya sa nake ƙaunar labarinsa. Wuyan hannunsa ya lalace, aka yi masa aiki har sau huɗu, ya faɗo ƙasa warwas a jerin gwanaye, mutane suka shafa masa fatiha. Ya dawo a 2016 ya ci azurfa a wasannin Olamfik na Rio, kuma a ƙarshen shekarar, a birnin Zagreb, Marin Čilić ya ci shi turmi biyu na farko, del Potro ya farfaɗo ya cinye uku da suka rage, Ajantina ta ɗauki Kofin Davis karo na farko a tarihinta. A 2018 ya kai na uku a duniya. Gwiwa ce ta ƙarshe ta zaunar da shi, ya buga wasansa na sallama a gasa a Fabrairun 2022 yana hawaye. Manomin Malumfashi da fari ya cinye masa gona bara, ya kuma ɗauki fartanya bana, zai gane wannan mutum ba sai an yi masa bayani ba.

Ba zan ɓoye ba, wasan yana cin kuɗi. Raket yana da tsada, ƙwallo tana saurin mutuwa, takalmi yana cinyewa, tafiye-tafiyen gasa kuwa sun fi komai nauyi. Amma ko a Ajantina ba kowa ne ya taso cikin daula ba. Diego Schwartzman, wanda tsawonsa mita 1.70 ne kawai, ya sha ba da labarin yadda iyayensa suka karye, har mahaifiyarsa take sayar da awarwaron roba a wuraren gasa don a samu kuɗin mota da na masauki. Ya kai na takwas a duniya a 2020. Kafin su duka akwai Guillermo Vilas, wanda ya ci manyan gasannin Faransa da Amurka a 1977, ya sa yaran ƙasar suka fara ganin tenis nasu ne su ma.

Mu ma mun taɓa lasar wannan zuma. Nduka Odizor ɗan tsinto ƙwallo ne a Legas, ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon a 1983. Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a Olamfik na Seoul a 1988. Gasar Dala da ake yi a Kano ta daɗe tana tara 'yan wasa daga ko'ina a ƙasar nan, kuma Kano ba ta da nisa daga Malumfashi. Yaranmu nawa ne suka taɓa zuwa, ko da kallo?

Inda nake ganin mun kauce hanya shi ne yadda muke auna cigaban wasanni da girman gini. A gina katafaren filin wasa a babban birnin jiha, a yanka kintinkiri, a watse. Abin da ya raini del Potro ƙaramin kulob ne da malami guda mai haƙuri da ke zuwa kullum. Mun san wannan tsari a gidanmu: ɗan dambe a hannun ubangidansa yake tasowa, maƙeri a gindin maƙera. Filin tenis tsawonsa bai kai mita 24 ba, faɗinsa kusan 11, bai kai lambun tumatir ɗaya na Danja ba. Yawancin filayen Ajantina da garin jan bulo ake shimfiɗa su, a yayyafa ruwa a daddaɓe. Jar ƙasa da marmara kuwa Allah ya hore mana su, kuma matan ƙauyukanmu sun iya daɓe tun kaka da kakanni. Ga shi cikin gari ake yi, da rana tsaka, iyaye ba sa fargabar hanya. Makarantun 'yan mata ma, da ke da katanga da fili, su ne suka fi dacewa da shi. Ga misali a gare su: Ons Jabeur 'yar Tunisiya, Musulma, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023.

Na yi magana da abokan karatuna biyu. Ɗaya yana da tsofaffin raket uku a ɗaki, ɗayan ya yi alkawarin raga. Mun nemi izini, idan an kwashe masara za mu share filin, mu ja layi a bangon ajin da ke kusa, santimita 91 daga ƙasa, daidai tsayin raga a tsakiya, don yaro ko shi kaɗai ne ya samu abokin bugu. Ranakun Asabar bayan la'asar ni zan riƙa tsayawa da su. Mai masarar ya ce in kaka ta zagayo zai buƙaci wurin na mako uku, muka ce mun yarda.