Lissafin Lamda da Ma'anar Jumlar Hausa: Sharhi a kan Littafin Heim da Kratzer

Lissafin lamda, wanda Alonzo Church ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930, ya samu gindin zama a ilimin ma'ana ne ta hannun Richard Montague a farkon shekarun 1970. Littafin da Irene Heim da Angelika Kratzer suka wallafa a 1998, wato Semantics in Generative Grammar, yana cikin waɗanda aka fi koyar da wannan hanya da su.

Manufar hanyar ita ce a gina ma'anar jumla daga ma'anonin sassanta. Ana ɗaukar aikatau ƙi-karɓau tamkar gurbi mai jiran cikawa: λx[x ya zo]. Idan aka ɗora suna Audu a gurbin x, sai a sami "Audu ya zo", wadda ko dai gaskiya ce ko ƙarya. Aikatau so-karɓau kuwa gurbi biyu gare shi, ana cike na karɓau kafin na aikau. A wannan fanni littafin ya cancanci yabo, domin yana tafe da ɗalibi daki-daki.

To amma kusan dukkan misalansa na Ingilishi ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Malamin da ya ba "kowa" ma'anar λP[kowane x yana da siffar P], ya kuma sa korewa ta mamaye ta kamar yadda takan yi a Ingilishi, zai fassara "Ban ga kowa ba" da cewa wasu aka gani, wasu ba a gani ba. Bahaushe kuwa abin da yake nufi shi ne ko mutum ɗaya bai gani ba. In yana son waccan ma'ana, sai ya ce "Ba kowa na gani ba". Malte Zimmermann ya tattauna wannan matsala a bincikensa na 2008 a kan kalmomin adadi na Hausa.

Karin harshen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi yana da hujjar da daidaitacciyar Hausa ke ɓoyewa a rubuce. A can "Ba kowa nig gani ba" ake cewa, haka kuma "Audu na yaz zo" a maimakon "Audu ne ya zo". Ninka baƙin nan alama ce bayyananniya cewa an ciro wani sashe an kai shi gaban jumla, ya bar gurbi a baya, wato ainihin gurbin da lamda ke ɗaurewa.

Saboda haka littafin bai wadatar shi kaɗai ba. Wajibi ne malaman jami'o'in Sakkwato da Gusau su gwada kowace ƙa'ida tasa da maganar mutanen wannan yanki kafin su kai ta aji. In ba haka ba, ɗalibi zai iya lissafin sarai, ya kuma fito da ma'anar da ba Bahaushen da ya taɓa nufi.