Kuɗin Gasa Sun Rufe Alkunyar Hajiya Binta

Tun da Abubakar Adam Ibrahim ya ci gasar NLNG a 2016 da dogon labarinsa na farko, Season of Crimson Blossoms, ba ka jin komai sai zancen dala 100,000 da yabon jaridu. To, madalla. Amma masu tallar sun maƙale wuri guda: wai bazawara 'yar shekara 55 ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi.

Haba jama'a! Ciwon Hajiya Binta ai alkunya ce. Al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta ja shi a jiki, har ya mutu. Shi take gani a fuskar Reza. Iyayenmu mata ne za su fi kowa gane wannan, ga shi kuma da Turanci aka rubuta littafin.