Gidan Makaɗi da Makarantar Laifzig

A wani gidan biki a Batagarawa na tsaya kallon wani yaro da bai wuce shekara goma ba, riƙe da kuntuku a bayan masu kalangu. Idonsa na kan hammatar babban makaɗin, yana lura da yadda yake matse tsarkiya ya sake ta. Da ya kuskure, harara ɗaya ta ishe shi. Darasi ake ba shi, ko da yake babu mai kiransa haka.

Haka ƙasar Hausa ta daɗe tana yaye makaɗanta. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, a jima a bar masa ƙaramin kiɗa, sai muryarsa ta nuna kafin ya ja waƙa. Musa Ɗanƙwairo ta wannan hanyar ya bi, ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa Abdu Kurna. Makaɗan fada kuwa, masu tambari da kakaki da taushi, galibi gado suke yi, kuma abin da ake koya musu ya wuce bugu: asalin sarakuna, kirarin kowace sarauta, da sanin lokacin da zambo yake halatta. Wanda ya saurari Sarkin Taushin Katsina ya san akwai karatu mai zurfi a nan. Mamman Shata na Musawa bai gada ba, ya shigo da ƙarfin baiwa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Sai dai makarantar nan tana da rauni guda, kuma shi ke damuna: numfashinta na maigida ne. Ranar da ya faɗi, ƙungiya takan watse.

A Laifzig ta Jamus kuwa, makaɗi Felix Mendelssohn ya kafa makarantar kiɗa a 1843, wadda ita ce mafi tsufa irinta a ƙasar. Shekara huɗu da buɗewa ya rasu, amma ba a rufe aji ba. Makaɗi Edvard Grieg ya taso daga Norwe ya shige ta a 1858, a 1992 aka haɗe ta da makarantar wasan kwaikwayo, yau kuma sunan Mendelssohn take amsawa. Ba fin mu kunne suka yi ba. Rubuta kiɗa suke yi a takarda, kuma kujerar malami ba ta bin sa kabari.

Jami'o'inmu sun yi ƙoƙari, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau shaida ne. Amma yawancin nazarin a kan baki ya tsaya: turke, salo, zubi. Hannu fa? Ɗalibi zai feɗe waƙar Narambaɗa ɗa bayan ɗa, bai taɓa riƙe kotso ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan kan hanyar Dutsin-Ma, tafiyar 'yan mintoci daga gidan bikin nan. Da za a kira tsohon makaɗin can a ba shi aji da albashi, a naɗi yadda yake ɗaure fata da yadda yake sa kalangu magana, da yaron nan mai kuntuku ya sami wurin komawa ranar da maigidansa ya ajiye gula.