Tarken Littafin Oishinbo: Yadda Ake Rubuta Ɗanɗano

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin an ɗauko littafin da ke magana a kan giya an kawo shi wannan fili. Giya haramun ce a addininmu, ban taɓa kai ta baki ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne wata matsala da ta daɗe tana damun marubutanmu: yaya ake bayyana ɗanɗano a rubuce har mai karatu ya ji shi a harshensa? Na samu darasi a kan haka a wannan littafi, na kuma samu aibin da ya kamata mu guje masa.

Littafin da Marubucinsa

Oishinbo labari ne cikin zane, irin wanda Japanawa ke kira manga. Tetsu Kariya ne ya rubuta, Akira Hanasaki ya zana. An fara buga shi a 1983, ya haura juzu'i 100 kafin a dakatar da shi a 2014. A 2009 aka fitar da zaɓaɓɓun labaransa da Ingilishi, aka ware juzu'i guda ga sake, wato giyar shinkafa ta Japan. Kada a rikita sunan da kalmarmu ta maimaita abu. Tauraron labarin shi ne Yamaoka, ɗan jaridar da aka ɗora wa aikin nemo abincin da ya fi kowane a ƙasar. Abokin gabarsa kuwa mahaifinsa ne, Kaibara Yuzan, gwanin sanin abinci mai zafin rai.

Inda Ya Yi Fice

Na farko, marubucin ya san abin da yake rubutawa. Da shinkafa da ruwa da wani nau'in fumfuna mai suna koji ake yin sake. Kafin a dafa shinkafar sai an goge bayanta: idan abin da ya rage na ƙwayar bai wuce kashi 60 cikin 100 ba ana iya kiran giyar ginjo, idan bai wuce kashi 50 ba daiginjo. Wadda ba a ƙara mata barasa daga waje ba ita ce junmai. A kan irin wannan ilimi rikicin labarin ya tsayu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da shinkafa ta yi ƙaranci, aka shiga ninka giyar da barasa da sukari, kuma al'adar ta daɗe bayan yunwar ta wuce. Fushin Kariya a kan wannan algus ne, da kuma tausayin ƙananan masu sana'ar da suka riƙe gaskiya.

Na biyu, ba ya barin tauraronsa ya ce abu ya yi daɗi ya yi shiru. Yakan haɗa abubuwa biyu a baki ya nuna abin da ɗaya ya yi wa ɗayan. Hujjar da ake kafawa ita ce giyar inabi ta Turawa takan tayar da ƙarnin ɗanyen abincin teku, ita kuwa ta shinkafa takan kwantar da shi. Ko wanda bai san giya ba ya san ƙarnin kifi, ya san yadda lemon tsami ke kashe shi. Ta wannan ƙofa marubucin ya shigo da baƙon mai karatu, ya tashi daga abin da aka sani zuwa wanda ba a sani ba.

Inda Ya Gaza

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sau da yawa labarin kan tsaya cak, Yamaoka ya koma malamin aji, ya yi ta zuba bayani shafi bayan shafi, sauran taurarin ba su da aiki sai gyaɗa kai. Zubin ma kusan ɗaya ne: wani ya raina abin gida, a ɗanɗana masa, ya tuba nan take. Mutum ba ya sauya ra'ayin shekaru da kurɓi ɗaya. Haka kuma kishin ƙasa yakan rinjayi adalci, ta yadda tun daga shafin farko an san wanda zai yi nasara. Wani abin lura shi ne an cika yabon gwanintar masu sana'ar, ba a ba ɓarnar da maye ke yi wa iyali gurbin da ya dace da ita ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, mu duba namu littattafan. Sau nawa amarya ta jera kuloli, aka lissafa mana sunayen abinci biyar, aka ce sun ci sun ƙoshi? Alhali Hausa tana da bauri da gardi da galmi da maƙaƙi da yami da danƙo, kowace da gurbinta. Wa ya taɓa rubuta mana abin da daddawa ke yi wa miyar kuka, ko bambancin fura da nonon safe da wanda ya kwana? Japanawa sun raɗa wa irin wannan armashi na daddawa suna, umami, tun da Kikunae Ikeda ya gano tushensa a 1908, mu kuwa muna da abin a tukunya amma ba mu kai shi takarda ba.

Mu ɗauki bincikensa da kula da harshensa. Wa'azin da ke tsayar da labari kuwa, wannan cuta ce da muke fama da ita tun kafin mu ji sunan Kariya, ba ma bukatar ƙari.